Daga Shikal zuwa Wakanda: Tarihin Kurfai da Jaruman Littattafan Zane

Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san irin littafin nan da ɗalibi kan ɓoye a ƙarƙashin tebur, yana leƙawa a sace, alhali darasin lissafi na gudana. Kowane shafinsa an yanka shi gida-gida, a kowane gida akwai hoto, maganar mutanen ciki kuma tana fita daga bakinsu cikin ƴar da'ira mai kama da kumfar sabulu. Faransawa na kiransa bande dessinée, ƴan lakwal suka gajarta suna ce masa "bede", mu kuwa a nan za mu kira shi littafin zane. A da sai an je Yamai ake samo shi, a wurin masu baza tsofaffin littattafai a gefen hanya. Yau kuwa jarumansa sun iso har Bonkuku a cikin wayar salula, kuma ba wuya a tarar da yaron da ko Yamai bai taɓa zuwa ba yana ba da labarin Spider-Man, ko na ƙasar Wakanda da sarkinta, dalla-dalla kamar da shi aka yi.

Malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu sukan tambaya, daga cikin sababbin littattafan nan na gagarabadau da na iskoki, waɗanne ne suka dace a sa a ɗakin karatu, waɗanne kuma ya kamata a nisanta yara da su. Tambaya ce mai muhimmanci, kuma za a kawo sunayen wasu a gaba. Sai dai kafin a kai can akwai wani tarihi da ya kamata a waiwaya, domin shi zai ba mu ma'aunin zaɓe. Shekara 13 kafin a buga Superman a Amurka, ƙasar Kurfai ta riga ta fito da nata taron gagarabadau, masu kaki da muƙami, waɗanda ake cewa wuta ba ta ƙona su, har labarinsu ya kai Akara da Paris. Yawancin yaran da suka haddace Wakanda ba su taɓa jin sunan Shibo ba, alhali garinta na nan cikin gundumar Filinge.

Yadda aka haifi jarumin zane

A shekarar 1938 ne mujallar Action Comics ta fito da labarin Superman na farko. Waɗanda suka ƙago shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, samari ne na birnin Cleveland, ƴaƴan Yahudawan da suka baro Turai suna neman mafaka da abinci. A lokacin Amurka na fama da karyewar tattalin arzikin da ta faro a 1929, miliyoyin mutane ba su da aikin yi. Wanda ya duba labaran farko zai ga cewa abokan gabar Superman mutane ne irin waɗanda talakan wancan zamani ya sani: mai ramin ma'adinai da ke wasa da rayukan leburorinsa, da miji mai dukan matarsa, da ɗan siyasa mai cin hanci. Dodannin sararin sama daga baya suka yawaita.

Haka abin ya ci gaba. A 1941 Joe Simon da Jack Kirby suka zana Captain America yana naushin Hitler a bangon mujalla, watanni kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1966, ana tsakiyar gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka ta neman ƴancin daidaito, kuma ƙasashen Afirka da dama ba su daɗe da samun mulkin kai ba, Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Black Panther, sarkin Wakanda, ƙasar Afirka ta almara wadda Bature bai taɓa mulka ba. Ke nan irin wannan jarumi ɗan ƙunci ne. Duk lokacin da jama'a suka ga ƙarfin da ke danne su ya fi ƙarfinsu, sai tunaninsu ya haifo wanda zai iya tsayawa a gabansa.

Alamomi uku ne aka fi gane jarumin zane da su. Na farko, yana da tufafin da suka bambanta shi da kowa. Na biyu, yana da wata baiwa da ta wuce ta ɗan Adam, kamar tashi sama ko jure harsashi. Na uku, mutum biyu ne a jiki ɗaya: da rana talaka ne da ba wanda ya damu da shi, in bukata ta taso kuma sai ya rikiɗe. Mai karatu ya riƙe waɗannan alamomi uku, domin za mu sake haɗuwa da su a Kurfai.

Kurfai kafin 1925

Dallol Boso wani dogon kwari ne, tsohuwar hanyar ruwa da ta gangaro daga Azawak ta nufi kogin Isa. Ruwan ƙasa a cikinsa ba shi da nisa, shi ya sa garake suka yawaita, har Bonkuku ta yi suna wajen noman dankalin Turawa. Wanda ya taso daga Yamai ya bi hanyar Filinge zai ratsa Tagazar ta Balleyara, ya gifta ƙasar Tondikandiya, ya shiga Imanan wadda Bonkuku ce babban garinta, sannan ya isa Kurfai. A wannan ɗan tsaki ana jin Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci da Hausa a kasuwa guda. Kurfayawa masu magana da Hausa ne, Zabarmawa kuma na kiransu Sudje. A ƙarni na 19 zamansu da Abzinawan Imanan da na Tagazar ya haɗa da ciniki da hari da sulhu, kamar yadda aka saba tsakanin maƙwabta a wancan zamani.

Abin lura shi ne, kafin zuwan Faransawa Kurfayawa ba su da sarki guda mai iko a kan kowa. Kowane gari na da dattawansa, da masu kula da al'amuran ƙasa da iskoki, da kuma mayaƙan da ake bi in yaƙi ya taso. Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, sai suka bukaci mutum ɗaya da za su riƙa yi wa magana. Suka ɗora Gado Namalaya, wani sanannen mayaƙi da ya haɗa kai da su, a matsayin sarkin kanto. Ta hannun wannan sabuwar sarauta ne lanho ya riƙa fita, ta nan ake ɗibar mutanen aikin tilas, ta nan kuma aka ɗebi samari zuwa soja a yaƙin 1914 zuwa 1918. A kan wannan ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa da dama ke kira Kakalaba. A 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 kuma aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, abin da ya ƙara matso da idon mulki kusa da ƙasashen yamma.

Wannan maƙala ba ta zo yanke wa kowa hukunci ba. Wanda aka ɗora bisa sarauta a wancan zamani yana tsakanin wuta biyu ne, ga kumandan a sama, ga talakawa a ƙasa. Abin da ake so mai karatu ya gani shi ne halin da talakan Kurfai ya samu kansa: wani iko ya zo masa wanda bai san kansa ba, yana da bindiga, yana da takarda, yana da harshen da ba a ji, kuma tsofaffin hanyoyin kare kai duk sun kasa a gabansa.

Shibo da Babule

Wajen shekarar 1925, a garin Shikal da ke kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo, wadda wasu marubuta ke rubutawa Zibo, ta hau wani iska da masu bori ba su san shi ba. Ba ya cikin iskokin da aka gada. An ce daga gabas ya taso, daga Bahar Maliya, sunansa kuma Gomno Maliya, wato gwamna. Ba a jima ba wasu suka biyo shi, kowanne da muƙaminsa na bariki: akwai janar, akwai kafaran gardi, akwai likita, akwai alƙali. Wanda suka hau sai ya miƙe ƙyam kamar soja, ya yi maci, ya sara wa na gaba da shi, ya riƙa ba da oda cikin gurɓataccen Faransanci, yana riƙe da bindigar icce. Bakinsa na kumfa, yana kama garwashi da hannu, yana goga wutar yayi a jikinsa. Mutane suka kira su Babule, suka kuma kira su Hauka, kuma wannan suna na biyu, wanda kalmar Hausa ce, shi ya shiga littattafan duniya.

Samari da ƴan mata suka yi ta shiga. Kamar yadda masanin tarihi Finn Fuglestad ya nuna a binciken da ya buga a 1975, al'amarin bai tsaya a fagen rawa ba. Mabiya suka fara ƙin bin umurnin sarkin kanto, wasu suka bar garuruwansu suka kafa nasu zama a daji, inda suka tsara kansu bisa muƙaman iskokin. Aka kai ƙara Yamai. Kumandan na lokacin, Horace Crocicchia, mutumin tsibirin Korsika, ya sa aka kamo Shibo da mabiyanta, aka kai su Yamai, aka tsare su, aka azabtar da su domin su ce iskokin ƙarya ne. Abin da ya biyo baya shi ne abin mamakin. Maimakon al'amarin ya mutu, sai kumandan ɗin da kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana kiransa Kumandan Mugu ko Korsasi. Zuwa 1927 motsin ya bazu har Arewa, ƙasar Dogon Dutsi, hukuma kuma ta kore wasu daga cikin shugabanninsa zuwa wajen ƙasa. Daga nan ƴan ci-rani suka tafi da shi Gwalkwas, wato Gana ta yau.

Yanzu mai karatu ya dawo da alamomi ukun nan. Tufafi na musamman akwai su: hular bariki, jan ɗamara, bindigar icce. Baiwar da ta wuce ta ɗan Adam akwai ta: jure wuta da rashin tsoron bulala. Mutum biyu a jiki ɗaya ma akwai: manomin da da safe gardi ke kora, da maraice shi ne gwamna, gardin na sara masa. Ƙuncin da ya haifi Superman a Cleveland ɗan'uwansa ne ya haifi Gomno Maliya a Shikal. Sai dai akwai bambanci babba da bai kamata a manta ba. Siegel da Shuster sun san almara suke rubutawa, kuma ba wanda ya ɗaure su a kanta. Mutanen Shikal kuwa sun yi imani da abin da ya hau su, kuma da fatar bayansu suka biya.

Wa ya riƙe alƙalamin?

A 1954 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin wani taron Hauka a wajen birnin Akara, tsakanin ƴan ci-ranin da suka fito daga Nijar. Ya sa masa suna Les Maîtres fous. Da aka fara nuna shi a Paris a 1955, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata domin suna ganin zai ƙarfafa masu cewa baƙar fata dabba ne, hukumomin Ingila kuma suka hana nuna shi a Gwalkwas domin sun ga gwamnansu ake kwaikwayo. Duk da haka fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venis a 1957. Rouch ya ƙare rayuwarsa a ƙasar nan, ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, kuma a Yamai aka binne shi. Ba wanda zai musa ƙaunarsa ga Nijar. Amma gaskiyar da ta rage ita ce, duniya ta san Hauka ta kumfar baki da yankan kare, ba ta san lanho da aikin tilas da suka haife shi a Kurfai ba. Bayansa Paul Stoller a 1995 da Adeline Masquelier a 2001 sun yi rubuce-rubuce masu zurfi, sai dai da Ingilishi, harshen da jikokin Shibo ba su karantawa.

A fagen zane ma haka abin yake. Tintin au Congo, wanda Hergé ya fara bugawa a 1930, ya nuna mutanen Kongo tamkar yara masu jiran Bature ya yi musu tunani. Iyayen ɗalibanmu na yau sun tashi da Akim da Zembla, ƙananan littattafan da suka cika kasuwannin Afirka ta Faransa daga shekarun 1960, kuma dukansu biyu farar fata ne da ke sarautar dajin da baƙaƙe ke ciki. Mujallar Kouakou, wadda ta fara fita a 1966, jaruminta yaro ne ɗan Afirka, kuma da yawa daga cikinmu a cikinta muka ɗanɗani daɗin karatu, amma a Paris aka riƙa shirya ta da kuɗin hukumar haɗin gwiwa ta Faransa. A Najeriya an sami Powerman a 1975, baƙin jarumi mai tashi sama, sai dai masu zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, Turawan Ingila ne, har ma an sa a riƙa lambata gidajen hoton ɗaya bayan ɗaya, bisa zaton mai karatu ɗan Afirka ba zai gane inda zai bi ba.

Wannan ba ya nufin namu sun yi shiru. Tun 1934 Malam Bello Kagara ya buga Ganɗoki, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Jaruminsa ya yaƙi Turawa, da aka ci su ya nufi gabas, ya shiga duniyar aljannu. Wato shekara 4 kafin Superman, adabin Hausa na da gagarabadau wanda ya haɗa takobi da al'amuran ɓoye, kuma abin da ya haife shi shi ne ɗacin cin ƙasa. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin sama a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. A Nijar, Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin na farko a Afirka da suka sa zane ya yi motsi a majigi. A fim ɗinsa Bon voyage Sim na 1966 kwaɗi ne ke riƙe da mulki, a Toula kuma, wanda ya samo daga labarin Bubu Hama, iskan ruwa ne ke neman a ba shi wata budurwa. Abdullahi Mamani ya mai da Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, jarumar littafi a 1980, Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Darasin Sarauniya a fili yake: kafin 1980 kaɗan ne suka san ta a wajen Arewa, yau kuwa da sunanta ake kiran makarantu. Alƙalami ne ya yi mata wannan aiki. Shibo har yanzu tana jiran nata.

Littattafan da suka cancanci a nema

Daga wannan tarihi ma'auni ya fito. In littafin zane ya zo hannun malami, sai ya tambayi abu uku: wa ya riƙe alƙalamin, wane ƙunci ne jarumin yake amsawa, kuma shin mutanen ƙasar da ke cikin labarin suna da tunani da baki, ko kuwa ado ne kawai a bayan jarumi. Bisa wannan ma'auni ga wasu da suka fito a shekarun baya-bayan nan.

Na farko shi ne Malika: Warrior Queen, na Roye Okupe, ɗan Najeriya, wanda ya fara fita a 2017. Sarauniya ce mayaƙiya a wata daula ta almara mai suna Azzaz a ƙarni na 15, kuma marubucin bai ɓoye ba cewa daga Amina ta Zazzau ya samo ta. Shi ne mafi kusa da duniyar ɗalibin Hausa: ga doki, ga rawani, ga majalisar fada da makircinta. Ya dace da ƴan kwaleji da lise.

Na biyu, Iyanu: Child of Wonder, shi ma na Okupe, da zanen Godwin Akpan. Marainiya ce da ta gano tana da wata baiwa, a duniyar da aka gina bisa al'adun Yarbawa. An mai da shi zane mai motsi na talabijin a 2025. Amfaninsa ga malami shi ne yana nuna yadda ake ɗauko tatsuniya da imanin kakanni a gina sabon labari ba tare da an wulaƙanta su ba.

Na uku, Mulatako, na Reine Dibussi, ƴar Kamaru. Da Faransanci yake, saboda haka ya fi sauran sauƙin shiga ajinmu. Jarumarsa yarinya ce daga cikin iskokin ruwa da mutanen gabar tekun Kamaru ke kira jengu, kuma ƴar makaranta ce mai fama da jarrabawa kamar kowane ɗalibi. Wanda ya san labarin Harakoy Dikko ta kogin Isa zai ga dangantakar nan take.

Na huɗu, Black Panther da Ta-Nehisi Coates ya fara rubutawa a 2016, wanda akwai fassararsa ta Faransanci. A nan talakawan Wakanda ne suka tashi suna tambayar dalilin da zai sa mutum ɗaya ya mulke su. Malamin tarihi zai iya ajiye shi kusa da labarin Kurfai na 1925, ya bar ɗalibai su yi muhawara a kan sarauta da biyayya. Tare da shi akwai Shuri, na Nnedi Okorafor, na 2018, inda ƙanwar sarkin, gwanar kimiyya, ta karɓi fage.

Na biyar, After the Rain, na 2021, wanda John Jennings da David Brame suka zana daga wani gajeren labarin Okorafor. Labarin wata mata ce da ta dawo kudu maso gabashin Najeriya daga Amurka, iskokin ƙasar kakanninta suka tare ta. Yana da ban tsoro da jini, don haka na malamai ne da manyan ɗalibai, kada a sa shi a kantar yara.

Ga ƙananan yara kuwa, Akissi ta Marguerite Abouet, marubuciyar Aya de Yopougon, ba ta tashi sama, ba ta da wata baiwa sai ƙiriniya, amma ita ce ƙofar da ta fi sauƙi ga wanda ya fara haɗa baƙi.

Abin da ya rage mana

Za a sami mai cewa, yaya za a kawo zancen bori da iskoki cikin aji, a ƙasar da jama'arta Musulmi ne? Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Amsar ita ce, koyar da tarihi daban, kira zuwa ga aƙida daban. Malamin da ke ba da labarin Fir'auna ba bauta masa yake ba. Abin da ake so ɗalibi ya fahimta shi ne dalilin da ya sa kakanninsa, a ranar da ba su da bindiga ba su da lauya, suka sa kakin mai mulkinsu suka kwaikwaye shi har ya ji tsoro. Wanda ya san haka zai karanta kowane littafin gagarabadau da ido biyu, ya gane ƙuncin da ke bayan rigar.

Za a kuma ce littattafan nan suna da tsada, yawancinsu da Ingilishi, kuma ba a samun su a Filinge balle Bonkuku. Wannan ma gaskiya ne. A nan ne aikin ƙungiyoyin al'adu yake. Kwafi ɗaya da ƙungiya ta saya zai iya zagaya makarantu da dama cikin akwati. Malami zai iya rufe kumfar maganar da farar takarda, ya sa ɗalibai su cika ta da Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci, wanda darasin fassara ne da na rubutu a lokaci guda. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, a 2025 kuma Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka ta ba da dama, amma yaro ba ya son harshe saboda doka, yana sonsa ne saboda labarin da ya hana shi barci. A jahar Tilaberi, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a shekarun nan, yaron da ya yi shekara biyu ba aji ya fi saurin komowa ga karatu ta hanyar hoto mai magana fiye da ta shafi mai cike da baƙi.

Babban aikin kuwa shi ne na tattarawa. Waɗanda suka ga Shibo da idonsu sun ƙaura, amma waɗanda suka ji daga bakinsu suna nan a Shikal da Luma da Filinge da Bonkuku, kuma kowace shekara suna raguwa. Akwai bukatar a ji ta bakin zuriyar mabiya, a ji ta bakin gidan sarauta, a ji ta bakin malaman addini da suka yi adawa da abin, domin labarin da ke da baki ɗaya rabin labari ne. Cibiyar CELHTO da IRSH a Yamai sun daɗe suna adana tarihin baka, kuma ƙungiyar da ta ɗauki muryoyin dattawanta tana da inda za ta kai su. Bayan haka sai a nemi mai zane. Ba sai an je nesa ba: a kowane aji akwai yaron nan da ake yi wa faɗa saboda ya cika bayan littafinsa da hotunan mayaƙa. A ba shi takarda da fensir, a zaunar da shi gaban kakarsa, a ce ya zana ranar da aka tasa mutanen Shikal a gaba zuwa Yamai.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A sayi Malika, a sayi Mulatako, a bar yara su sha daɗin Wakanda, domin karatu ko na wane iri ne ya fi zaman banza. Amma a daidai wannan kantar a bar gurbi guda, wanda littafin Kurfai zai cika ranar da ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya zana shi.